Wane fim na wannan zamani ne jikokinmu za su nemo su kalla?

Sadisu Garba
Salamu alaikum jama'a. Ga tambaya: cikin finafinan da aka yi daga shekarar 2000 zuwa yau, wanne kuke ganin za a ci gaba da kallo nan da shekara hamsin, kamar yadda har gobe ake komawa ga The Godfather ko Sholay? Ku lura, ba wanda ya fi burge ku bara nake nufi ba. Ina nufin wanda yaron da ba a haifa ba tukuna zai nemo da kansa ya kalla. Nawa uku ne: Parasite na Koriya ta Kudu, Spirited Away na Japan, da A Separation na Iran. Kowa ya kawo nasa, amma da hujja.

Abba Tijjani
Wa alaikumus salam. Haba Malam Sadisu, a yi wannan lissafi babu The Dark Knight? Fim ɗin da ya fito a 2008 amma har yau Joker ɗin Heath Ledger ne ma'aunin kowane mugu a fim. Mutumin ya rasu kafin fim ɗin ya fito, aka ba shi Oscar bayan ransa. Da aka ƙi saka fim ɗin cikin masu takarar gwarzon shekara, surutun da aka yi ya kai ga shekarar da ta biyo baya aka faɗaɗa gurbin daga biyar zuwa goma. Sai Interstellar, sai Inception. Na gama.

Gambo Isa
Wato kai duk duniyar nan darakta ɗaya ka sani, Christopher Nolan.

Abba Tijjani
Idan ya iya aikinsa laifin wa?

Dakta Rabi Usman
Kafin kowa ya jero sunaye, ya kamata mu duba yadda na baya suka kai inda suke, domin abin ba ya tafiya yadda ake zato. Citizen Kane ya fito a 1941, bai ci gwarzon fim a Oscar ba, How Green Was My Valley ne ya ci. Vertigo na Hitchcock ya fito a 1958, masu sharhi da yawa suka yi masa kallon hadarin kaji. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tara ƙuri'un masu sharhi duk bayan shekara goma tun 1952. Citizen Kane ya hau saman jerin a 1962, bai sauka ba sai 2012, kuma Vertigo ɗin nan ne ya sauke shi. Blade Runner da The Thing duk sun fito a 1982, lokacin da E.T. ke kwashe kuɗin 'yan kallo, dukansu suka sha ƙasa a kasuwa. Yau kusan duk mai yin fim ɗin kimiyya ko na ban tsoro yana ɗebo wani abu daga cikinsu.

Abin da nake so in ce, akwai yiwuwar fim ɗin da za a fi girmamawa daga zamaninmu yana cikin waɗanda muka wuce ba mu ko waiwaya ba. Children of Men na 2006 bai mayar da kuɗin da aka kashe masa a sinima ba, amma kullum darajarsa ƙaruwa take, saboda abin da ya nuna na 'yan gudun hijira a cikin keji da rufe iyakoki ya daina zama almara.

Sadisu Garba
Dakta, to ai wannan ya rushe tambayar tawa ke nan. Idan ba a iya ganewa, sai mu watse.

Dakta Rabi Usman
A'a Malam, ana iya hasashe. Kawai kada mu sa kuɗi da lambar yabo su zama ma'auninmu. Crash ya doke Brokeback Mountain a Oscar ɗin 2006. Wa ke maganar Crash yanzu, in ba don a yi misali da kuskuren alƙalai ba?

Gambo Isa
Ni abin da ke ba ni haushi da irin wannan muhawara, da an ce fim sai kowa ya kalli Amurka, in an matsa a leƙa Turai. Indiya fa? Sholay ya fito a 1975, makonnin farko an ɗauka ya faɗi, daga baya ya shafe sama da shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay. A bikin Filmfare lambar yabo ɗaya tak ya samu, ta tacewa, Deewaar ne ya kwashe sauran. Dilwale Dulhania Le Jayenge kuwa tun 1995 ake nuna shi a sinimar Maratha Mandir ta Bombay, kodayake annobar korona ta taɓa tsayar da shi na wani lokaci. Babu wani malamin jami'a da ya zaɓar musu wannan matsayi. Mutane ne suka yi ta komawa.

Na wannan ƙarni kuwa, Lagaan na 2001 zai zauna. Fim ne na kusan awa huɗu a kan ƙauyawa da wasan kurket da harajin Turawan mulki, ya kai zagayen ƙarshe a Oscar, kuma ko wanda bai san dokar wasan ba sai ya tashi tsaye a ƙarshensa. 3 Idiots ma zai zauna, domin muddin iyaye na tilasta wa 'ya'yansu karatun da ba sa so, fim ɗin yana da masu kallo. Dangal ya fi samun kuɗi a Sin a kan Indiya kanta. Wannan ya isa ya nuna maka labarin uba da 'ya'yansa mata bai san iyakar ƙasa ba.

Ummi Lawal
Yaya Gambo ka manta RRR.

Gambo Isa
Ban manta ba ƙanwata, da gangan na bar shi. Waƙarsa ta ci Oscar a 2023, rawar ta zaga duniya, amma ina shakkar labarin zai ɗauki nauyin shekara hamsin. Baahubali ya fi shi damar zama, shi ne ya buɗe wa finafinan kudancin Indiya ƙofa. Idan kuma ana maganar gwaninta zalla, Gangs of Wasseypur na 2012 ya fi su duka biyun.

Yakubu Ɗanladi
Tambaya ɗaya gare ku. Avatar ne fim ɗin da ya fi kowanne samun kuɗi a tarihi, kusan dala biliyan 2.9. Ba tare da an duba intanet ba, wa zai faɗa mini sunan mugun fim ɗin? Ko jimla ɗaya da aka faɗa a ciki?

Abba Tijjani
Haka aka yi ta cewa shekara goma sha uku, sai na biyunsa ya fito a 2022 ya kwashe sama da biliyan biyu. Mutanen da aka ce sun manta da shi su ne suka cika sinima.

Yakubu Ɗanladi
Sun je kallon abin mamaki ne. Abin mamaki kuma yana tsufa da wuri, saboda fasahar kwamfuta ta bana ita ce abin dariyar baɗi. Shi ya sa na fi amincewa da Mad Max: Fury Road. George Miller ya kwashi motoci na gaske ya kai hamadar Namibiya, aka yi ta kifar da su a gaban kyamara. Matarsa Margaret Sixel ce ta tace fim ɗin, ta ci Oscar, ɗaya daga cikin shida da ya samu. Ka kashe sautin gaba ɗaya, za ka fahimci wa ke bin wa, wa ke tsoron wa. Ƙarfe da yashi da wuta ba za su canza kama ba nan da shekara hamsin. The Lord of the Rings ma abin da ya cece shi ke nan: duwatsun New Zealand na gaske ne, sulke da takubba an ƙera su da hannu. Na ukunsa ya ci Oscar 11 a 2004, daidai da Ben-Hur da Titanic. Ku kwatanta shi da The Hobbit da darakta ɗaya ya yi bayan shekara goma da kwamfuta mai ƙarfi, ku ga wanne ya fi kama da tsohon abu yau.

Hajiya Bilkisu
Duk na karanta abin da kuka rubuta, kuma ina ganin kun tsallake masu yanke hukuncin na gaskiya, wato yara. Babba yakan kalli fim sau ɗaya, in ya burge shi ƙwarai ya maimaita. Yaro kuwa sai ya haddace shi, har iyayensa su gaji. Idan ya girma ya haihu, shi zai fara kunna wa nasa 'ya'yan. The Wizard of Oz na 1939 bai yi wata riba ba da farko, sai da aka fara nuna shi a talabijin a 1956, yara suka riƙe shi. The Lion King tun 1994 yake wucewa daga hannu zuwa hannu. Don haka ku rubuta ku ajiye: Frozen, Coco, Finding Nemo da Shrek za su riga finafinan da kuke yabo isa shekara hamsin, ko kuna so ko ba kwa so.

Sadisu Garba
Hajiya, ranki ya daɗe, ai Spirited Away na cikin nawa.

Hajiya Bilkisu
Shi ne kaɗai cikin naka nake da tabbaci a kansa, saboda ya kama ɓangare biyu. Yara na son yarinyar da iyayenta suka rikiɗe, manya kuma na ganin zancen kwaɗayi da aikin ƙarfi da yadda ake ƙwace wa mutum sunansa. Ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2002, ya ci Oscar a 2003, kuma zanen hannu ne, ba ya tsufa kamar na kwamfuta. Bakandamiyar daraktansa Miyazaki ke nan, kodayake wasu za su ce fim ɗinsa Totoro ne.

Dakta Rabi Usman
Hajiya ta taɓo inda zancen yake. Fim ba ya zama na dindindin da kansa, sai an yi ta maimaita shi a gaban sababbin idanu. Misalai biyu. It's a Wonderful Life na 1946 asara aka tafka da shi. A 1974 aka yi sakaci ba a sabunta haƙƙin mallakarsa ba, sai gidajen talabijin na Amurka suka samu abin nunawa a arha, suka riƙa saka shi duk ƙarshen shekara har ya shiga jinin mutane. The Shawshank Redemption na 1994 an kashe masa dala miliyan 25, zagayensa na farko a sinima bai wuce miliyan 16 ba, ya shiga takarar Oscar bakwai bai ci ko ɗaya ba. Kaset ɗin haya da tashar talabijin da ta yi ta maimaita shi ne suka raya shi, yau shi ne a saman jerin IMDb, shafin intanet da 'yan kallo ke ba finafinai maki.

To a nan damuwata take game da zamaninmu. A da tashoshi kaɗan ne, kowa na kallon abu guda, fim na iya samun dama ta biyu da ta uku. Yanzu manhajojin kallo suna sakin sabon abu kowane mako, na'ura ce ke zaɓar maka abin da za ka gani, kuma sabo take turo maka. Fim mai kyau zai fito ranar Juma'a, a yi maganarsa kwana goma, ya nutse. Wa zai tono shi?

Yakubu Ɗanladi
Ƙari a kan haka, wani ma ba nutsewa yake ba, cire shi ake yi. A 2023 Disney+ ta sauke finafinai da shirye-shirye da dama daga manhajarta don rage kashe kuɗi, wasu ba su taɓa fita a faifai ba. Batgirl an kusa kammala shi a 2022 aka kulle shi, ba a taɓa sakinsa ba. Mutane na ɗauka duk abin da ya shiga kwamfuta ya tsira. Toy Story 2 saura ƙiris ya salwanta ana tsakar aikinsa, wani ya ba da umarnin gogewa bisa kuskure, aka ci sa'a wata ma'aikaciya tana da kwafi a kwamfutar gidanta.

Dakta Rabi Usman
Kuma an taɓa yin irin wannan asara. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka na zamanin da babu sauti sun ɓace kwata-kwata. Alam Ara, fim ɗin Indiya na farko mai magana, na 1931, babu kwafinsa ko ɗaya. Wataƙila akwai gwanaye a cikin waɗanda suka ɓace, amma abin da ba a iya kallo ba ya shiga jerin kowa.

Nura Ɗan Fim
Wannan ya kawo mu Afirka, wadda har yanzu ba wanda ya ambata. Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, ɗan Senegal, ya fito a 1973. Shekaru da yawa samun kwafi mai kyau sai an sha wuya. Gidauniyar da daraktan Amurka Martin Scorsese ya kafa ta gyara shi a 2008, aka fara nuna shi a makarantu da bukukuwa, sai ga shi a jerin ɗari na Sight and Sound. Fim ɗin bai canza ba tun 1973. An dai wanke shi an ajiye inda ido zai kai.

Daga na wannan ƙarni ina tsayawa a kan Timbuktu na Abderrahmane Sissako, 2014. A garin Walata na Muritaniya aka ɗauke shi saboda rashin tsaro a Mali. Ya ci kyautar César bakwai a Faransa, ya kai zagayen ƙarshe a Oscar. Akwai wurin da aka haramta ƙwallo, sai samari suka fito fili suna bugawa ba tare da ƙwallon ba, suna yanka, suna murnar cin raga. Wanda ya ga wurin nan ba ya mantawa. Kuma fim ɗin bai mayar da masu tsattsauran ra'ayin dodanni ba, ya nuna su mutane masu rauni da munafunci, ga limamin garin yana ƙure su da ilimi cikin natsuwa. Sai Moolaadé na Ousmane Sembène, 2004, fim ɗinsa na ƙarshe. Sai Atlantics na Mati Diop, 'yar ɗan'uwan Mambéty, da ya ci kyauta ta biyu mafi girma a Cannes a 2019.

Ummi Lawal
Black Panther fa? Ko shi ba na Afirka ba ne?

Nura Ɗan Fim
Na Amurka ne da ya yi wa Afirka ado. Za a tuna da shi, shi ne fim ɗin jaruman Marvel na farko da ya shiga takarar gwarzon shekara, kuma rasuwar Chadwick Boseman a 2020 ta ƙara masa nauyi. Amma tunawa daban, komawa a kalla daban. Faɗan ƙarshen nan tun a lokacin ya yi kama da wasan kwamfuta.

Abba Tijjani
To ga ku nan, kun koma bakin Scorsese da ya ce finafinan Marvel wurin wasan yara ne. Avengers: Endgame na Marvel fa mutane kuka suka yi a sinima.

Yakubu Ɗanladi
Sun yi kuka saboda sun shafe shekara goma sha ɗaya tare da jaruman, fim sama da ashirin. Yaron 2070 zai zauna ya kalli ashirin ɗin kafin ya fahimci dalilin kukan? Fim ɗin da zai daɗe sai ya iya tsayawa da ƙafarsa. The Dark Knight ɗinka ya tsallake wannan, ba ka buƙatar na farkonsa.

Mansur K.
Ni fa ina ganin Breaking Bad da Game of Thrones za su fi duk waɗannan daɗewa.

Sadisu Garba
Malam Mansur, masu dogon zango zancensu daban, a buɗe musu nasu zauren. Ko da yake yadda ƙarshen Game of Thrones ya kashe wa mutane gwiwa a 2019 darasi ne: labarin da ya ƙare ba daɗi ba a cika komawa farkonsa ba.

Bari in kare sauran biyun nawa tunda Hajiya ta ce ɗaya kawai ta yarda da shi. Parasite ya ci babbar kyautar Cannes a 2019, ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci gwarzon shekara a Oscar. Na ji Dakta, lambar yabo ba hujja ba ce. Hujjata ita ce ginin labarin. Iyali ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya a kan tudu, ruwan sama guda ya zama abin sha'awa ga waɗannan, ya zama masifa ga waɗancan. Talaka da mai kuɗi ba za su ƙare a duniya ba, kuma daraktan, Bong Joon-ho, bai ce kowa waliyyi ne ba. A Separation kuwa na Asghar Farhadi, 2011, mata da miji ne a gaban alƙali, ga tsoho mai ciwon mantuwa, ga 'yar aiki mai tsoron Allah da aka ce ta rantse da Alƙur'ani a kan abin da take shakka. Duk wanda ka saurara sai ka ga yana da gaskiya. Ka kalle shi kana saurayi ka goyi bayan wani, ka sake kallo bayan ka yi aure ka koma bayan wani. Fim ɗin da ke canzawa idan kai ka canza, shi ake komawa gare shi.

Hajiya Bilkisu
Na yarda da kyansa. Amma mutum nawa ne za su dawo daga aiki a gajiye su ce bari in kunna rigimar saki ta awa biyu?

Dakta Rabi Usman
Kaɗan ne, Hajiya, amma kaɗan ɗin nan su ne ke koyarwa a makarantun fim, su ne ke zama daraktoci. Hanyar daɗewa biyu ce, kuma ba su cika haɗuwa ba. A ƙuri'ar Sight and Sound ta 2022 masu sharhi sama da 1,600 suka ɗora Jeanne Dielman na Chantal Akerman a kan kowa, fim ɗin 1975 mai sama da awa uku a kan mace tana aikin gida. Yawancin masu zuwa sinima ba su taɓa jin sunansa ba. A jerin nan In the Mood for Love na 2000 ya zo na biyar, Mulholland Drive na 2001 ya zo na takwas, Parasite da Get Out da Moonlight duk sun shiga ɗari tun ba su yi shekara goma ba. Shawshank kuwa, da jama'a suka ɗora a sama, ko ɗarin bai shiga ba. The Godfather da Seven Samurai suna cikin 'yan ƙalilan da suka bi hanyoyin biyu. A namu zamanin Spirited Away da Parasite ne nake ganin sun kama hanyar yin haka.

Abba Tijjani
Interstellar da aka sake saka shi a sinima a 2024, bayan shekara goma, kujeru suka cika. Waɗanda suka kalle shi suna 'yan sha biyar su ne za su yi ƙuri'ar nan gaba. Ku jira ƙuri'ar 2032, za ku ga Nolan a cikin ɗarin.

Dakta Rabi Usman
Zai iya shiga, ɗana, amma ina zaton ba da wanda kake so ba. Masu sharhi sun fi karkata ga The Prestige ko Memento, in ma za su ɗauke shi.

Gambo Isa
Ku yi ta jiran ƙuri'ar Ingila. Ranar da suka saka Sholay a ɗarin nan ku tashe ni.